Rigar da Tela Ya Ɗinka wa Wayoyi

Ƙarfe bakwai na safe ne, ruwan da aka kwana ana yi ya tsagaita, sai ɗan yayyafi da ke sauka a kan kwanon shago kamar ana watsa yashi. Tela ya buɗe ƙofa, ya share ruwan da ya shigo ta ƙarƙashinta, amma ko kallon keken ɗinkinsa bai yi ba. Riguna uku na rataye suna jiran a sa musu hannu, wando ɗaya na jiran zif, duk ya ƙyale su. Yau teburin yanka ba na yadi ba ne. Abin da ke kansa wani ɗan baƙin akwati ne, bai wuce girman bulo ba, da lasifika guda a gefe, da ƙaramar rediyon Inna.

Inna ita ce mahaifiyarsa, ɗakinta na cikin gidan da ke bayan shagon. Shekara biyu ke nan kunnenta ya yi nauyi. Da can rediyon nan ce abokiyar hirarta, tun safe tana kan cinyarta, tana amsa mata, wani lokaci har ta yi mata faɗa. Da ji ya ragu sai ta riƙa ƙure ta, ita kuwa rediyon ƙarama ce, in an ƙure ta sai muryarta ta kama rawa kamar ta akuya mai mura. Daga baya Inna ta naɗe ta a tsumma ta ajiye a kan taga, ta ce mutanen ciki sun koma magana ta hanci. An kawo mata abin sawa a kunne, ta ce ba mai cusa mata komai a kunne tana raye. Tela ya aro wata lasifikar samari mai fitilu, aka kunna, ta ce ita dai dum-dum take ji a ƙirji, magana kam babu.

To yau Asabar, da ƙarfe huɗu na yamma, Auta, ƙanwar Tela, za ta karanta labarai a karo na farko. Shekara guda ta yi a wani gidan rediyo a can wani gari tana kai wa masu karatu takardu, yau ita ce za ta zauna ta karanta. Tun farkon mako ta kira ta ce, "Yaya, ni dai Inna ta ji. Ko kowa bai ji ba, ita ta ji." Ya ce ta kwantar da hankalinta, an gama. Da aka ce wa Inna ai ko ba ta ji a lokacin ba za a naɗa a ajiye mata, sai ta ce ita ba ta son ɗumame, tana so ta ji yarinyar a daidai lokacin da take buɗe baki.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon Tela da na wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ya faɗa wa Tela cewa kunnen tsofaffi siririn sauti yake fara rasawa, shi ya sa magana ke dunƙule musu, don haka abin da Inna ke buƙata amfilifaya ce, wato na'urar ƙara sauti, mai maɓallin da ke kaifafa murya. Tela ya bincika ya samo irin wadda ake sayarwa a warwatse cikin leda, mutum ya haɗa da kansa. Ranar da ta iso, Injiniya ya leƙo ya ce, "Kawo in haɗa maka, ɗan allura."

Akwai mutum biyu zaune suna jiran ɗinki, sai bakin Tela ya riga hankalinsa.

"Haba Baba. Ni da nake haɗa kwat mai aljihu bakwai har da shafi? Ga takarda, ga hoto. Ai wannan ɗinkin hular jariri ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Injiniya. Ya ara masa ƙarfen narka dalma, ya juya. Yana juyawa noti biyu suka faɗo daga aljihun rigar aikinsa, don aljihun ya daɗe da hujewa. Ya sunkuya da nishi ya tsince su, ya mayar da su cikin aljihun dai. Tela ya sha ce masa ya kawo a ɗinke, shi kuma ya ce rigarsa ba ta neman likita.

Kwana uku Tela ya yi yana haɗawa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Ya jera ƙananan kayan a kan koren allon yadda hoto ya nuna, ya like ƙafafunsu da dalma, ya datse ragowar da tsohon almakashi, ya ɗaure allon a cikin akwati. Jiya da yamma ya rufe murfi. Kunnawa kawai ta rage, ita kuma ya bar ta sai da safe, don ya fi son ya yi abu da sabon ido.

Matarsa ta shigo ta ƙofar baya da kofin shayi, ta ajiye nesa da akwatin, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Maigida, yau ne za a yaye jaririn?"

"Matsa baya kaɗan," ya ce. "Kada ƙarar ta firgita ki."

Ya sa fulogi a soket, ya danna makunni. Shiru. 'Yar jar fitilar da takarda ta ce za ta kama, ba ta kama ba. Ya sake dannawa. Ya zare fulogin ya sa na dutsen guga, dutse ya ɗau zafi nan take, ashe wuta lafiya lau take.

"Lallai na firgita," in ji matar.

Bai kula ta ba. Ya buɗe takarda yana bi da yatsa, layi layi. Ita kuwa ta ɗauki ledar da kayan suka zo ciki za ta kai kwandon shara, sai ta ji wani abu na motsi a ƙasanta. Ta zazzage a tafin hannu. Wani ɗan gilashi ne siriri, tsawon gaɓar yatsa, da farin ƙarfe a kowane baki.

"Wannan fa?"

Ya ɗan kalla. "Na ajiya ne. Kin san botin da ake ɗinka wa riga ta ciki, don in na waje ya faɗi? To irinsa ne."

"To in wannan na ajiya ne, ina na wajen?"

Tela ya karɓi gilashin. Ya juya akwatin, ya duba bayansa. Kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai wani ɗan murfi zagayayye, ya murɗe shi, sai ga rami fayau, daidai girman gilashin. Fis ne, in babu shi wuta ba ta da hanyar shiga. Ya tabbatar fulogi a zare yake, ya tura gilashin, ya mayar da murfi, ya sake kunnawa. Jar fitila ta kama.

"Dama na san da shi," ya ce. "Gwada ki nake."

"Na ci jarrabawa ke nan. Sha shayinka, ya huce."

Ya ɗauki wayar da ke fitowa daga akwatin ya soka a ramin da ke gefen rediyon Inna, ya murɗa maɓalli kaɗan. Sai ga muryar wani mutum ta cika shagon, yana bayani a kan kiwon kaji. Tela ya ɗaga hannu sama. Bai sauke ba muryar ta ɗauke. Ya dafa tebur zai duba, ta dawo. Ya saki, ta tafi. Mutumin ya ce "in kaza ta", ya ɓace, ya dawo a kan "shi ke nan maganin".

Wannan kam Tela bai tsorata ba, don ya san irin ciwon. Rigar da ke buɗewa in an ɗaga hannu, ta rufe in an sauke, akwai inda zare bai kama ba. Ya buɗe murfi, ya ɗauki fensirin katako, ya riƙa ɗan taɓa kayan da ke kan allon ɗaya bayan ɗaya da gindinsa, yana kiyaye yatsunsa daga wajen wuta. Na farko shiru, na biyu shiru. Da ya zo kan wata kondensa mai kama da ƙaramin gwangwani, lasifika ta yi ƙarat-ƙarat, mai kaji ya dawo. Ya kashe, ya zare fulogi, ya kwance allon ya juya bayansa. Dalmar da ke ƙafar kondensar ta dunƙule kamar ƙwayar dutsen ado, tana zaune a kan ƙafar amma ba ta kama allon ba, ga ta dishi-dishi, ba ta sheƙi kamar sauran. Nan ya tuna abin da Injiniya ya faɗa ranar da yake miƙa masa ƙarfen, shi kuma ya ji da rabin kunne: ƙafar ake gasawa tare da allon, dalma ita za ta biyo da kanta. Ya jira ƙarfe ya yi zafi, ya ɗora bakinsa a wurin, ya ƙirga uku, ya kawo dalma. Ta narke ta kwanta luf, tana walƙiya.

Da ya sake kunnawa, mai kaji ya gama, wata mata ce ke waƙa. Ya bugi tebur, ba ta ɗauke ba. Ya ɗaga akwatin ya girgiza, tana nan. Ya ɗan taka rawa tsakanin keke da tebur, ya kalli bangon Injiniya ya yi murmushi. Ƙarfe goma da rabi, yayyafi ya tsaya, rana ta fara leƙowa.

Akwai wani ɗan ƙugi a ƙarƙashin waƙar, uuum, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya ji shi, amma ya ce sabon abu ne, in ya saba zai daina.

Ya kwashi kayan ya kai ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado tana tsince zaren da ya maƙale a mayafinta. Ya ajiye akwatin a kan ɗan teburinta, ya juyo da lasifika saitin kunnenta na dama, wanda ya fi ji.

"Inna, ga shi! Ki saurara!"

Ya murɗa maɓalli. Ta karkata kai, ta girgiza. Ya ƙara. Da ya ƙara, ƙugin ma ya ƙaru, ya tashi daga ƙudan zuma ya koma wani abu mai nauyi, har cokalin da ke cikin kofi ya fara rawa. Waƙar tana can ƙasa kamar wadda aka danne da katifa.

"Kai, ɗan nan," in ji Inna. "Wa ya kawo mana injin niƙa cikin gida?"

"Ba ki jin waƙar?"

"Iye?"

"Waƙa! Akwai waƙa!"

"Injin dai nake ji. Shi kam ina jinsa tsaf, Allah ya yi maka albarka."

Daga nan ranar ta fara gudu. Ya canza soket, ƙugi na nan. Ya sa wa rediyon sabon batir, yana nan. Ya kashe firji, ya kashe fanka, ya matsa da rediyon can bakin taga. Ya ɗaure kowane noti har yatsansa ya yi ja. Matarsa ta ce ko a ɗora shi a kan matashi, aka ɗora, sai ƙugin ya samu wurin kwanciya. Ya mayar da akwatin shago ya sake bin allon da fensiri, ya sake gasa ƙafafu huɗu da ba su yi masa laifin komai ba. Ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, ya juya bayanta ko akwai wani abu, babu.

Wajen ƙarfe ɗaya saƙon Auta ya shigo. Ta ce an ba ta takardun, gabanta sai faɗuwa yake, ya wajen Inna? Ya daɗe yana kallon saƙon. Ya rubuta mata, "Komai lafiya, ke dai ki yi a hankali." Ya kife wayar a kan yadi.

Ƙarfe biyu da rabi matarsa ta zo ɗaukar kwanon abincin da bai taɓa ba. Ta same shi ya tallafe haɓa, akwatin na gabansa yana ta uuum.

"Bango ɗaya ne tsakaninka da maganin nan," ta ce.

"A gaban mutane fa na ce ɗinkin hular jariri ne."

"Na ji. Har a cikin gida na ji. To ka zaɓa. Ko Baba ya yi maka dariyar minti biyar, ko Auta ta kira ƙarfe huɗu da rabi ta ce a ba ta Inna. Me za ka ce mata?"

Ya kalli akwatin. Can ya tashi, ya gyara wuyan rigarsa kamar mai zuwa neman aure, ya fita.

Injiniya na zaune a cikin shagonsa tsakanin tsofaffin rediyoyi da talabijin da masu su suka manta da su. Sukundirebarsa da tabaransa na gabansa a jere, kamar wanda ya daɗe da shiryawa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗan allura. Tun sha ɗaya nake jin saniyarka na kuka ta bango. Na ce ko haihuwa za ta yi."

"Baba, a taimaka. Saura awa ɗaya da rabi."

"Hular jaririn ce ta ƙi shiga kai?"

"Ta ƙi, Baba."

Dattijon ya miƙe a hankali, ya zuba sukundireba da 'yan notina a aljihu. Kafin su kai ƙofar Tela noti ɗaya ya faɗo ya gangara, Tela ya tsince masa.

A shago Injiniya ya fara sauraro tukuna. Ya murɗa maɓalli sama, ƙugi ya tashi, ya murɗa ƙasa, ya kwanta. Ya zare wayar daga jikin rediyon, ƙugi bai tafi ba.

"Ba laifin rediyon Inna ba ne," ya ce. "Kashe. Zare fulogi. Buɗe min ciki."

Tela ya ɗaga murfi. Injiniya ya sa tabarau ya leƙa. Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake leƙawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Abin da ya gani shi ne, a cikin akwatin babu waya ko ɗaya da ke yawo. Tela ba ya iya ganin zare na reto ya ƙyale. Da ya gama haɗawa ya ga wayoyi ja da baƙi da fari sun watsu kamar gashin wanda ya tashi daga barci, sai ya tattara su duka wuri ɗaya, ya yanko ƙyallen shuɗin yadi mai santsi, ya naɗe su, ya bi da allura ya ɗinke da hannu, ɗinki ƙanana a jere, kowane daidai da ɗan'uwansa. Har kalmasa ya yi wa bakin.

Dariya ta ci ƙarfin Injiniya, sai da ya zauna a kan kujerar keke. Matar Tela ta leƙo ta ƙofar baya ta koma da sauri, hannu a baki.

"Shekara arba'in ina buɗe akwatuna," in ji dattijon yana share ido. "Na ga ɓera a ciki, na ga kyankyasai, na taɓa ganin wasiƙar soyayya. Ban taɓa ganin waya da riga ba sai yau. Ina hular? Ba ka yi musu hula ba?"

"A hoton a warwatse suke," in ji Tela a sanyaye. "Na ɗauka mai zanen ne bai iya tsari ba."

"Ɗinkin dai ya yi kyau, wannan ba a ƙwace maka ba. Matso ka gani." Ya nuna da bakin sukundireba. "Waɗannan jajayen biyu daga taransifoma suka fito, wuta suke ɗaukowa. Ita wutar gida ba ta tafiya shiru, tana tafe tana ƙugi. Wannan siririyar kuwa muryar rediyo take kawowa, murya ce 'yar mitsitsiya, ita ce akwatin zai ƙara wa ƙarfi. Kai kuma ka kwantar da su gado ɗaya ka ja musu bargo. Duk ƙugin da waɗancan suka yi, wannan ta kwashe. Akwatin bai san wanne ne na Auta ba, wanne ne na wuta, sai ya ɗaga su duka."

"Yanzu ya za a yi?"

"A tuɓe musu riga."

Tela ya kalli ɗinkin. Rabin yini ya yi a kansa. Ya buɗe aljihun keke ya ɗauko reza, Injiniya ya miƙo hannu ya karɓa, ya sunkuya a kan akwatin. Sai Tela ya lura bakin rezar na karkarwa. Dattijon ya dafe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, karkarwar ba ta tsaya ba, ga siririyar wayar nan dab da inda zai yanka. Nan Tela ya tuna ya daɗe bai ji ƙaurin dalma daga shagon maƙwabcinsa ba, ya kuma gane dalilin da ya sa aka ara masa ƙarfen ba tare da an tambayi ranar dawowa ba.

"Baba, ba ni," ya ce. "Ɗinkina ne, ni na san inda na ƙulle. Kai dai faɗa min inda kowace za ta bi."

Injiniya ya kalle shi ta saman tabarau, ya miƙa masa rezar. "Dama ina zan iya da wannan ɗinkin naka mai kamar na aljanu."

Tela ya farke rigar cikin minti biyu, ya zare ƙyallen ya ajiye gefe. Injiniya ya ce ya cire bakin jajayen daga allo, ya murɗa su tare kamar igiya, don in suna murɗe ƙugin ɗaya na kashe na ɗaya. Wannan kam aikin Tela ne, ya murɗa su tsaf, ya sake likewa, ya kwantar da su jikin bangon akwatin na hagu. Siririyar kuma aka bi da ita ta bangon dama. Injiniya ya ɗaga ta da sukundireba, ya ga ta yi tsawo har ta naɗe sau biyu.

"Wannan ragowar ta mece ce?"

"Na bar mata ɗan ƙari ne, ko wata rana a buƙaci buɗawa."

"Waya ba ta ƙiba, ɗan allura. Datse."

Ya datse, ya fere bakin, ya gasa ƙafa, dalma ta kwanta.

"Wa ya koya maka wannan likin?" in ji Injiniya.

"Wani tsoho ne mai yawan magana."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Rufe."

Ƙarfe huɗu saura kwata aka sa fulogi. Jar fitila ta kama. Tela ya murɗa maɓalli har rabi, ya riƙe numfashi. Shiru. Ya ɗauka sun kashe abin gaba ɗaya. Injiniya ya kai kunne jikin lasifika, ya ɗago, ya soka wayar a rediyon. Sai ga muryar mai talla tar, kamar yana tsaye a bakin ƙofa, babu saniya, babu injin niƙa.

Za su shiga gida, Injiniya ya tsaya ya juye kayan aljihunsa a kan tebur, ya cire rigar aikinsa ya rataye a bayan kujerar keke, ya ce ba zai je gaban Inna da rigar da ke zubar da notina ba.

Inna ta amsa gaisuwarsa da ka, don ba ta ji abin da ya ce ba. Aka ajiye akwatin, aka saita lasifika. Matar Tela ta zauna a bakin ƙofa. Ƙarfe huɗu daidai aka yi ɗan kiɗa, wani namiji ya fara gabatarwa. Injiniya ya kama maɓalli na biyu, mai kaifafa murya, yana murɗawa a hankali, idonsa a kan fuskar Inna. Ta yamutsa fuska. Ya ƙara kaɗan. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan! Ai wannan mutum ne yake magana." Ta ƙara matsowa. "To amma wannan ƙaton ba 'yata ba ce."

"Tana zuwa, Inna!" in ji Tela.

"Kada ka yi min ihu, ina ji."

Namijin ya yi shiru. Aka ji motsin takarda. Sai muryar Auta ta fito, ta yi wa masu sauraro barka da yamma.

"Barka kadai, 'yar nan," in ji Inna.

Ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ba ta ƙara ɗagawa ba. Auta ta karanta labarin wata gada da za a rufe ranar Talata don gyara, da na wata makaranta da aka ƙara wa azuzuwa. A labari na uku ta fara sauri, harshenta ya sarƙe a kan wata doguwar kalma.

"A hankali," in ji Inna. "Ba mai korar ki."

Auta ta ja numfashi ta maimaita kalmar daidai, ta ci gaba a natse, kamar ta ji. Matar Tela ta goge ido da gefen zani. Tela dai ƙasa yake kallo, yana murza wani guntun zare a yatsa.

"Ba ta ci abinci ba," Inna ta faɗa wa Injiniya. "Ji muryarta. Tun tana yarinya in tana jin yunwa haka take yi."

Da aka gama, ba a yi minti biyar ba wayar Tela ta yi ƙara. Injiniya ya ce ya zare wayar akwatin daga rediyo ya soka a jikin wayar hannunsa. Sai ga muryar Auta a cikin lasifika.

"Yaya, ta ji?"

"Na ji," in ji Inna, ta sunkuyo kan wayar. "Gadar ranar Talata za a rufe. Azuzuwa shida aka ƙara. Kuma kin yi tuntuɓe sau ɗaya, na gyara miki. Me kika ci yau?"

Daga can aka ji dariya haɗe da kuka. Inna ta gyara zama, ta jawo matashi, alamar hirar ba mai ƙarewa yanzu ba ce. Ta riƙe Injiniya ma, wai sai ya tsaya ya gaisa da yarinyar.

Tela ya zame ya koma shago. Rana ta yi sanyi, ruwan da ya taru a bakin titi ya fara janyewa. Ya ɗauki rigar aikin da ke bayan kujera, ya juya aljihun. Hujin ya kai a zura yatsa uku. Ya yanko wani yadi mai kauri, ya yi masa faci ta ciki, ya bi da keke sau biyu, ya datse zare. Ya mayar da rigar yadda ya same ta, hannu ɗaya na reto, ya jawo wandon nan mai jiran zif.

Can Injiniya ya fito yana 'yan waƙe-waƙensa. Ya sa rigar, ya kwashe sukundireba da notinansa daga kan tebur ya zuba a aljihu. Ya yi taku uku zuwa ƙofa, ya tsaya, ya kalli ƙasa kamar mai jiran wani abu. Babu abin da ya faɗo. Ya sa hannu a aljihun ya ɗan laluba. Tela na sunkuye a kan zif, ƙafarsa na kan keke.

"Ƙarfen dalmar nan," in ji Injiniya, bai juyo ba. "Ka riƙa goge bakinsa in ka gama. Na ga ka bar shi baƙi ƙirin."

"To, Baba."

Ya fita, notinan na kacau-kacau a aljihunsa har ya shiga shago.